Sunan da ke Kan Filasta

Koci Siune ya ji ƙarar buguwar kan Dilu da ƙasa tun daga bakin fili, kamar an yar da kabewa a kan siminti. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, Dilu ya miƙe yana dariya, yana tafe yana karkata.

Shekara biyu ke nan Siune yana rainon yaron a ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garin Kundiawa. Bara a benci ya ajiye shi, bana yake ba shi minti ashirin na ƙarshe, don ɗan shekara sha bakwai ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Yau ne kawai ya sa shi tun farko, saboda baffansa Kaupa ya ciko mota biyu da dangi daga kan dutse.

Siune ya fito da Dilu daga fili, ya zaunar da shi a kan bokiti. Ya duba fuskarsa. Ya taɓa ganin irin wannan dariyar a fuskar wani yaro, wanda yau sai an ba shi abinci a baki.

Ya yi wa Dilu tambayoyin da ya saba yi wa wanda ya bugu a ka: wace rana ce, wane fili ne, wa ke kan gaba. Dilu ya amsa duka daidai, amma Siune ya lura leɓen ɗan wasan da ke bayan yaron na motsi. Yaran sun daɗe da haddace tambayoyin.

Kaupa ya tsallako igiya, bakinsa jawur da buai, ƙwayar da ake taunawa kamar goro, maza kusan goma a bayansa. Siune ya hango ƙotar adda a jakar ɗayansu.

"Malam, ya ci jarrabawar taka," in ji Kaupa. "Mayar mana da ɗanmu. Ba zaman bokiti muka zo kallo ba."

Siune ya juya ga yaron. Idonsa ya sauka kan filastar da ke naɗe a wuyan hannun Dilu, inda kowane ɗan wasa kan rubuta sunan wanda yake yi wa wasan. Ya sa tafinsa ya rufe rubutun.

"Dilu, wa ka rubuta a nan da safe?"

Yaron ya yi murmushi. Ya dubi koci, ya dubi baffansa, ya waiwaya baya, amma wannan karon babu mai amsar da zai raɗa masa. Murmushin ya ɓace.

"Koci, na yi rubutu ne?"

Siune ya ɗage hannunsa a hankali. Sunan da ke rubuce shi ne Gande, mahaifin Dilu, ƙanen Kaupa, wanda suka binne watan jiya.

Kaupa ya daɗe yana kallon sunan. Daga fili ana ta kiran a kawo canji. Ya tofar da buai, ya durƙusa a cikin taɓo, ya fara kwance wa yaron takalmi. Ko da ya yi magana bai ɗago kai ba, tambaya kawai ya yi ko asibiti na buɗe ran Asabar.