Gangar Barau da Ta Yi Kumfa

A shekarun da arzikin fetur ya cika ƙasa, babu wanda ya riga Barau na Sheme mallakar ganga. Barau fa ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ga yunwa, ya ga agana, fari ya kwashe shanun mutane, nasa bijimin ko tari bai yi ba. Wani direba da ya taso daga Kudu ya sayar masa da gangar, ya girke ta a ƙofar gida yana tara ruwa.

Sai ruwan ya kama kumfa. Bijimin ya sha, ya yini yana zawo. Barau ya ce sammu ne, kuma aikin Almu maƙwabcinsa ne, don ya gan shi yana leƙa gangar. Gaisuwa ta yanke. Ga shi bijiminsa da na Almu ake haɗawa a garma ɗaya, damina ta kawo jiki, bijimi ɗaya kuwa ba ya huɗa.

Ana haka Abdulƙarim, ɗan ƙanen Barau, ya biyo da akwatin aikinsa, za shi kwas Zariya. A Fatakwal yake aiki, yana gwada sabulun da ake ɗura wa rijiyar mai don ya wanko ɗanyen man da ya maƙale a dutse. Ya shinshina gangar, ya yanko farar takarda, ya ɗiga mata ɗigo uku a jere: ruwan rijiya, ruwan ganga, da sabulun wurin aikinsu. Ya tsoma gindinta cikin wani ruwan kwalba.

"Baba, ruwan nan zai hau takardar ya ja su. Kowane abu da inda yake gajiya ya tsaya."

"Yaro, ni da na ga agana za ka yi ma duba da takarda?"

Amma bai ɗauke ido ba. Da ta bushe, Abdulƙarim ya fesa mata rini. Wurin ruwan rijiya fari fes. Sauran biyun suka fito shuɗi, kafaɗa da kafaɗa.

"Sabulunmu ne, Baba, shi gangar ta ɗauko. Malam Almu ya taɓa zuwa Fatakwal?"

"Almu? Funtuwa ma sai da na riƙe hannunshi."

Barau ya gyara hula. "Dama na faɗa. Ina Almu ya ga sammun da zai kama gidana?"

Ya tsallaka gidan Almu da goro a aljihu. Almu na gyaran igiya, bai ɗago ba.

"Mai ganga, an zo kama maye?"

"Tashi, tsohon banza, hadari na haɗowa. Gonarka za a fara."

"Tawa? Yau kuma?"

"Ƙasarka ta fi laushi, bijimina bai gama warwarewa ba. Kada ka ɗauka wani abu ne."

Almu ya karɓi goron, ya ɓare, ya miƙo masa rabi.