Ambaton da Farfesa Ya Nema

Tana sunkuye a kan madubin ƙara girma Farfesa ya turo ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ko sallama babu. Ba ta ɗago ba. Ƙwayoyin hantar da take reno a faranti suna ta rabewa gida biyu abinsu, alhali ta cire musu furotin ɗin da Farfesa ya yi suna a kansa, wanda ya ce idan babu shi ƙwaya ba ta rabewa.

"Dakta, na duba maƙalar taki," ya ce. "Ta yi kyau, sai dai manazartar ta rame. Ki zuba ayyukana duka a ciki. Sannan sakin layin nan da ya saɓa wa bincikena, ki cire shi."

"Ranka ya daɗe, ai sakin layin nan shi ne maƙalar."

"A sashen nan haka muke yi. Ki ambace ni, in ambace ki, alƙaluman kowa su tashi. Kwamitin sabunta aiki ba ƙwayoyi yake kallo ba, yawan ambato yake ƙirgawa. Kuma kin san wanda ke shugabantarsa."

Ta sani. Ta kuma san idan ba a sabunta mata ba, teburin nan wani za a bai wa.

Yana fita, abokin aikinta ya gunguro kujerarsa kusa da ita. Ɗan Ƙirga ake kiransa, don kullum sai ya duba sau nawa aka ambaci maƙalunsa kafin ya gaida kowa.

"Yaya, ki rufa wa kanki asiri. Ni fa har maƙalarsa ta ƙodar ɓera na cusa a aikina na ganyen tumatir."

"Kunya ba ta cinye ka ba?"

"Ta ɗan ciza, ta saki."

Ta so ta yi dariya, amma ta kasa. Maƙalar Farfesa ce ta fara sa ta son wannan fanni. Tana ɗaliba ta karanta ta har takardun suka yi laushi, kamar wadda aka aiko wa saƙon soyayya. Shi ya sa ta yi ta maimaita gwajin, tana fatan kuskuren nata ne. Ta sake sinadarai, ta aro ƙwayoyi daga wani ɗakin, ta bar 'yarta da zazzaɓi a hannun ƙanwarta ta zo ta ciyar da ƙwayoyin. Ƙwayoyin suka ƙi yi mata ƙarya.

Ta tuɓe safar hannu, ta buɗe kwamfuta. Sunan Farfesa na nan a wuri guda, cikin sakin layin da ya ce a cire. Ta bar shi yadda yake. Ta tura maƙalar zuwa mujallar da za ta buga ta.

A ofis ta same shi yana shan shayi.

"Na tura, ranka ya daɗe. Kuma na ambace ka."

"Madalla da 'yata. Sau nawa?"

"Sau ɗaya. Amma idan ta fito, duk wanda zai maimaita gwajin dole ya ambace ka. Alƙalumanka za su tashi."

Ya ajiye kofin a hankali.

"Kin san abin da kika jawo wa kanki?"

"Na sani," ta ce. "Yaushe kwamitin zai zauna? Ina so in zo da wuri."