Umaima Ta San Hanya

Kakar Umaima ce ke kawo ta lekol, wato makarantarmu, kullum da safe, ta dawo da rana ta tafi da ita. Da tsohuwar ta rasu, uban yarinyar, Gidaɗo, ya zo ya tsaya bakin ajina da sandarsa a kafaɗa. Ya ce shi yana bayan shanu, uwarta na goyo, babu mai rakiya. In babu mai rakiya kuwa, sai ta zauna gida.

Na kalli Umaima. Ta girmi kowa a ajin, amma har yanzu aikinta a allo bai wuce zana ƙwallo ba. In ka ba ta umarni biyu a jere, na farkon ya zube kafin ka gama faɗin na biyu. Amma ta koyi jiran layi, ta koyi cewa tana jin fitsari, kuma sai da na yi gumi kafin a samu wannan. Na roƙi Gidaɗo ya bar mini ita zuwa girbi, ni zan riƙa raka ta har ta iya hanyar ita kaɗai. Ya yi mini kallon wadda rana ta taɓa, ya ce to.

Ba zan ce tausayi ne ya sa ni ba. Shekarun da na yi a ƙauyukan Korgom da aji maƙil da yara sun daɗe da busar mini da wannan. Kawai dai ba na son a ƙwace mini aikin da na fara.

A wani horo da aka yi mana a Tasawa an ce irin waɗannan yara daga ƙarshen aiki ake fara koya musu, don su ɗanɗana daɗin gamawa. Na yi barci a rabin horon, amma wannan ya zauna mini. Sai na riƙe hannunta muka bi hanya har gindin gawon da ake hango rugarsu, na sake ta a nan. Taku kaɗan ne, ta isa, na tafa mata daga nesa. Da wannan ya zauna, na koma sakinta a rijiya. Daga baya a injin niƙa, inda ƙarar ke firgita ta har ta toshe kunne ta tsuguna. A nan muka fi daɗewa. Na koya mata ta taɓa kowace alama da tafin hannu, ta faɗi sunanta da ƙarfi, sannan ta nemi ta gaba. Kalmomin da na faɗa jiya su nake faɗa yau, ban taɓa canza ko ɗaya ba. Da safe kuma mu juya tsarin, in jira ta a gawo, daga baya a rijiya.

Matan rijiya suka sa mini suna jelar Umaima. Daraktanmu, Mushe Harisu, ya ce in da ana biyan kuɗin takalmi da na yi arziki. Ban kula su ba, sannu ba ta hana zuwa.

Ana cikin yankan gero, wata rana na tsaya ƙofar lekol na ce mata ta tafi. Ta tafi. Na bi ta daga nesa ina laɓewa bayan dangogi kamar ɓarauniyar kaji. Ta taɓa bangon injin, ta taɓa bakin rijiya, ta taɓa gawo, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Washegari ta zo da ƙafarta, ta riga rabin ajin isowa.

Bayan 'yan kwanaki Gidaɗo ya zo da ƙwaryar nono, ya yi ta godiya har na ji kunya. Sannan ya ce:

"Madam, tunda ɗiyag ga ta san hanya, ita za ta riƙa kai ma mai hura nono da sahe. Uwatta ta huta."

Mai furar tana nan bayan katangarmu. Na ce ai lekol na koya mata zuwa. Ya ce ya sani, Allah ya saka, amma a lekol me za ta zama? A gida kuwa yanzu ta zama mai amfani, har ƙannenta sun daina kiranta wawuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na nemi fushi a raina ban samu ba, ban samu komai ba. Na karɓi nonon, na ce a gaida gida.

Yanzu kullum da hantsi ina hango ta ta taga, da ƙwarya a ka, tana takawa a hankali kada ya zube. In ta iso ƙofarmu takan tsaya, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙyauren kamar yadda na koya mata, ta ɗaga murya ta ce, "Lekol." Sannan ta nemi alama ta gaba, ta wuce.