Gurun Uban Hambali

Shekarar da aka sauke tutar Nasara, ita ce shekarar da Alhaji Baƙo ya so ya karɓe makullin mota daga hannun ɗana Hambali. Ni Delu ina da rai a Gazawa.

Hambali shi ke jan babbar motar Alhaji, shina kwasar gyaɗa zuwa Maraɗi. Yaro kamar icen giginya, sai ga shi ya fara saukowa mota a karkace, hannu a kugu, shina jan ƙafar dama. Wanzami ya yi mishi ƙaho har bayan ya koma kamar faifai. An shafa man shanu, an sha saiwa. Shiru.

Sai labari ya iske ni wurin daka, wai Alhaji zai ba Jaye motar, wani direba mai dogon baki da ya daɗe shina zagayen ta. Na ajiye taɓarya, na ja mayafi, sai zauren Alhaji.

"Inna, sannu da zuwa," in ji shi. "Ki gafarce ni, mota ba ta son gurgu. In ƙafar nan ta riƙe mishi a gangare fa?"

Na ce, "Baƙo."

Mutanen zauren suka sadda kai, don ba mai kiran shi haka tun da ya dawo Makka.

"Da uwarka ta kwanta ciwo kana jinjiri, nonon wa ka sha? Na raba ma ɗiyata rabonta na ba ka. Ban taɓa zuwa tambaya ba, yau na zo. Ka bar mishi motar har gyaɗar bana ta ƙare. Kuma gobe da ni za a tafi Maraɗi, a gaba."

Jaye na gefe, ya ƙyalƙyale da dariya. "Inna za ta koyi tuƙi ne?"

"Zan koyi abin da uwarka ba ta koya maka ba, rufe baki in manya na magana."

Alhaji ya ce to, amma in Hambali ya ƙare kakar nan a karkace, magana ta ƙare. Na ce na ji.

Da safe aka ɗaga ni aka saka gaba kamar buhu. Hanyar nan duk kunya-kunya ce kamar gona, haƙoran da suka rage mini sai karo suke. Ban dubi hanya ba, ɗana nake dubawa. Ashe ba zaune yake ba. Ɗuwawu guda ke kan kujera, kafaɗa ta karkata taga, ya miƙa ƙafa can nesa shina taka ƙarafunan birki da na wuta da kan yatsa. In ya jingina sai ya zabura kamar an tsikare shi.

Da muka kai Cadawa na ce ya tsaya.

"Inna, ana jiran kaya."

"Gyaɗa ba ta tsiro a buhu. Tsaya, ka ɗaga rigarka."

Ga shi nan. Gurun ubansa, wanda ya bar mishi da zai rasu, ɗaure a kugu, da wata laya kamar dunƙulen hannu daidai ƙashin baya. Wurin har ya yi baƙi. Ita ke tokare shi da majinginin kujera, shi kuma shina kauce mata tun daga Gazawa har Maraɗi, kullum.

Na kai hannu, ya riƙe ni.

"Inna, wallahi ko mutuwa zan yi ba na kwance shi. Baba ya ce layar a baya take zama."

"Wa ya ce ka kwance? Ni na kai gurun nan wurin baduku aka ɗinka, kana ciki. Ubanka falke ne, a ƙasa yake tafiya bayan jakuna, abin da yake tsoro ɓarawo ne mai biyo mutum ta baya. Bai taɓa jingina da komi ba sai ranar da aka jingina shi a kabari, Allah ya jiƙan shi. Kai mi ke biyo ka ta baya? Buhun gyaɗa? Duk abin da ke kashe direba ta gaba yake zuwa."

Ya dubi hanya, ga shanun wani Bafillace na ƙetarewa a hankali. Sai ya saki hannuna. Na juya gurun, layar ta dawo kan cibiya.

Na kwance tsohon zanen da na ɗauro, na naɗe shi kamar gammo, na cusa mishi a kwarin baya. Ya matso gaba, ƙafarsa ta kai ƙarafunan ba miƙewa. Na ce kafaɗu su daidaita kamar mai ɗauke da tulu, kuma duk zuwa Cadawa ya sauka ya taka ƙasa, ya miƙe, ko da Alhaji na kuka.

Ban ce ya warke ranar nan ba. Ya yi ta cije baki wajen wata guda, direbobin tasha na kiran shi mai gammon Inna. Na aika musu cewa duk mai son nashi ya kawo zanen uwarsa.

Ranar da aka kwashe gyaɗar ƙarshe, na je na zauna ƙofar zauren Alhaji, ba wanda ya kira ni. Motar ta tsaya. Hambali ya diro da ƙafa biyu, ya tako tsaye, ya miƙa makulli.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya dube ni.

"Riƙe abinka," ya ce. "Inna, mun rabu?"

"Na nono mun rabu. Saura goyon da na yi maka."

Jaye na zaune gefe. Da zai tashi na ga shi ma ya dafa kugu.