Dalmar Kawu Bunu

Kawu Bunu, ƙanen mahaifiyata, maƙerin fari ne a Azare. Shekara goma sha biyu yana narka dalma a zaurensa, wai wata rana za ta koma zinariya. Zinariya dai ba ta zo ba, sai ciwon ciki da rawar hannu. A damunar 1955 matarsa Ya Gana ta tare ni a ƙofar gida.

"Maikuɗi, ka raba kawunka da hayaƙin nan kafin ya kashe mini shi."

Ni aji biyu na yi a elementare. Sai na ɗauko abokina Babayo, mutumin Katagum, wanda ya yi karatu a Zariya. Ya zo da wata takarda mai gida-gida kamar dara, kowane gida da lambarsa, ya shimfiɗa a gaban Kawu.

Ya ce, "Kawu, kowane ƙarfe, in aka bi shi har ƙwayarsa mafi ƙanƙanta, a tsakiyarta akwai wasu 'ya'ya, furoton sunansu. Yawansu shi ne ƙarfen. In saba'in da tara ne, zinariya ce. In tamanin da biyu ne, dalma."

Na ce, "A mudu ɗaya?"

"A ƙwaya ɗaya, Maikuɗi. Ido ba ya ganinta."

"To wa ya ƙirga?"

Ya harare ni, kuma har yau ban samu amsa ba.

Kawu yana ta lissafi da yatsu. Can ya ɗago kai. "Uku ke nan. Ashe uku kawai zan cire?"

"Ba sa ciruwa, Kawu. Wuta ba ta kai musu."

"Wutar Zariya ko tawa?"

Babayo ya sake bayani tun daga farko. Ni kam a karo na biyu na fi ruɗewa. Kawu bai ma saurare shi ba, yatsansa na rawa a kan takardar har ya tsaya kusa da gidan zinariya.

"Ɗan boko, wannan maƙwabcin nata fa?"

Babayo ba ya iya riƙe amsa in an tambaye shi. "Zaiba ce. Tamanin."

"Ɗaya!" in ji Kawu. Ya ɗaga murya. "Ya Gana! Zo ki kwashe dalmar nan, na bar ta har abada."

Ta shigo da sauri, ta rangaɗa guɗa, tana ta sa mini albarka. Kawu kuwa ya matso kunnena ya ce in bi motar Kano ran Asabar in samo masa zaiba. Na ce to, don ban taɓa ce masa a'a ba.

Da muka fito, Babayo ya kama hannun rigata, goshinsa duk gumi.

"Hayaƙin zaiba ya fi na dalma kisa. Koma ka gaya musu."

Na juya na tsaya a bakin zauren. Daga ciki ina jin Ya Gana tana zuba dalma a kwando, tana kiran maƙwabta su zo su taya ta murna.