Baitin Ƙarshe na Arvo

"Ban yarda ba," in ji Doreen Sawchuk. Ta ajiye takardar a kan tebur ta danne ta da jan bironta. "Wannan ƙarya ce. Babu mutumin da likita zai ce masa saura wata uku, shi kuma ya buɗe baki ya yi tambayar tayar mota."

Su bakwai ne a ɗakin ƙasa na laburaren unguwa a garin Thunder Bay na ƙasar Kanada, kamar kowace Asabar da safe, kowa da kwafin waƙar a gabansa da kofin da ya riga ya huce. Mai waƙar, Arvo Lahti, yana ƙarshen tebur ya harɗe hannuwa. Bai ce uffan ba, don ba shi da izinin cewa. Dokar ƙungiyarsu ta marubuta waƙa ke nan tun kafa ta: in ka karanta waƙarka, sai ka tsuke baki har a gama feɗe ta, ko da naman jikinka ake yanka. Doka ta biyu kuwa, ba a tambayar mutum ko abin da ya rubuta shi ya faru da shi. "Mutumin cikin waƙar" ake cewa, ba a cewa "kai".

Glenda Fortier, wadda ke jagorantarsu, ta ɗaga hannu. "Doreen, don Allah. Yabo biyu tukuna, sannan gyara."

"To. Babu kuskuren rubutu a ciki. Kuma gajera ce."

Aka yi dariya, har da shi Arvo. Doreen ba ta yi ba. Shekara talatin ta yi tana koyar da yara rubutu, ta yi ritaya ta taho da jan biron gida, kuma ba ta taɓa ganin dalilin shafa wa babban mutum mai a baki ba.

"Na zauna a irin wannan ɗakin," ta ce. "Ranar da aka gaya wa mijina Walter, ƙafafunsa ƙin ɗaukarsa suka yi, sai da nas biyu suka kama shi. Mutumin cikin waƙar nan wayo yake mana. Bai taɓa jin tsoro ba, shi ya sa yake wasa da shi."

Ta rubuta haka a gefen kwafinta, ta ja layi biyu a ƙasa. Da aka gama zagayen, Arvo ya tattara takardunsa ya ce, "Na gode," kamar yadda doka ta tanada. A motarsa ya mayar da ita gida, don katangar katako ce kawai ta raba gidajensu. A hanya ya ce mata, "Yau kin ci namana kin ƙoshi, malama." Ta ce, "Gyara ka nake, tsohon banza." Ba ta lura rigar sanyinsa ta yi masa yawa ba.

Bayan kwana goma, Doreen tana wanke kwanuka da hantsi, ta hango wata babbar mota a ƙofar gidansa. Maza biyu suna sauke gadon asibiti, 'yarsa Kaisa da ke zaune can garin Winnipeg tana riƙe musu ƙofa. Doreen ta fita da kumfa a hannu, ko takalmin ƙanƙara ba ta tsaya sakawa ba.

An kafa gadon a falo, kusa da taga. Arvo yana kan kujera yana kallon masu ɗaura ƙarafa irin kallon wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran injuna a rumbunan alkama na bakin tafki, kuma bai gamsu da aikin da yake gani ba. Fararen idanunsa sun koma ruwan ɗorawa.

"Hanta ce," ya ce, kafin ta tambaya. "Ciwon daji. Ya riga ya bazu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana huɗu kafin Asabar ɗin da na karanta waƙar."

Doreen ta nemi kujera ta zauna. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya.

"Maganar tayar…"

"Na tambaye shi mana. Ya ce wata uku, wataƙila huɗu. Na ce, to likita, in saka wa motata tayoyin tafiya kan ƙanƙara na lokacin sanyi bana, ko in bari? Abin da ya fito daga bakina ke nan. Me kike so in yi, in suma don in gamsar da ke?"

"Me ya hana ka magana a can?"

"Doka ce."

"Dokar banza!"

"Ke kika kawo ta, in ba ki manta ba."

Ba ta manta ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Arvo, waƙar nan tana da kyau. Ni ce ban…"

"A'a. Kar ki fara." Ya nuna ta da yatsa. "Glenda ta zo jiya ta jiƙa min takarda da hawaye. Kowa ya shigo sai ya ce waƙa ta yi, sannan ya ajiye min tukunyar miya. Firij ya cika da miya da yabo, ba wanda zan iya haɗiyewa."

A ƙungiyar, in mutum ya ga waƙa ta kai inda babu sauran abin taɓawa, yakan rubuta kalma huɗu a ƙasan kwafinsa: a bar ta haka. Glenda kan raba wannan kamar alewa. Doreen kuwa sau biyar ta rubuta a shekara goma sha ɗaya, kuma ko ɗaya ba a takardar Arvo ba.

"Guda ɗaya nake so daga hannunki kafin in tafi," ya ce. "Ɗaya tak. Amma in kika rubuta don kin ga ina mutuwa, zan gane, na san fuskarki. Kuma ba zan yafe miki ba."

Haka suka fara. Kullum da hantsi, bayan nas ta tafi, Doreen takan tsallako da bironta. Ta sa ya cire bayanin labulen ofishin likita. Ta sa ya mayar da agogon bangon ofishin da ya cire daga waƙar, don ta ce shi kaɗai ne ke motsi a ɗakin. Suka yi kwana biyu suna faɗa a kan kalma ɗaya, ya kira ta azzaluma, ta kira shi kurman jaki, Kaisa na kicin tana jin su tana girgiza kai. A makon farko da kansa yake rubutu. A na biyu yana faɗa Kaisa na bugawa. A na uku yakan yi barci a tsakiyar layi, Doreen ta zauna riƙe da takarda tana jiran ya farka, ya ci gaba daga inda ya tsaya ko ya tambaye ta wace rana ce.

Waƙar ta gyaru, wannan ba ta musu. Ta daina wayo, ta tsaya da ƙafafunta. Sai dai Arvo ya ƙara mata wani baiti a ƙarshe, kuma ya kafe a kansa. Bayan layin da likita ya dubi takardarsa bai ce komai ba, sai ga wannan:

Rayuwa hanya ce mai santsi,
kowa da kwanar da zai zame,
ban yi nadamar tafiyar da na yi ba.
Na dai saka tayoyin.

Sau uku tana ce masa ya cire baitin gaba ɗaya, waƙar ta ƙare a kan shirun likita. Sau uku yana cewa zai duba.

Ranar Talata Kaisa ta tare ta a kicin, ta rufe ƙofa. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, amma Doreen ta san ta tun tana yawo da keke mai taya uku, kuma har yau Kaisa ba ta iya kiran Doreen da sunanta kai tsaye.

"Misis Sawchuk, nas ta ce kwana biyu ne, ko uku. Ya daina shan ruwa."

"Na gani."

"To ki rubuta masa abin nan. Kalma huɗu ce. Me zai rage ki da shi?"

"Ya ce kar in yi masa ƙarya."

"Ya faɗa lokacin yana da ƙarfin faɗa! Yanzu ko hannuna ba ya iya matsewa. Kullum in kin fita sai ya tambaye ni, ta rubuta? In ce tukuna, Baba. Kin san yadda fuskarsa ke yi?" Ta nuna ƙofar falo. "Wannan ba aji ba ne. Ba jarrabawa yake ba. Ubana ne."

Doreen ta shiga falo da niyyar rubutawa, wannan gaskiya ne, har ta cire marfin biro tun daga bakin ƙofa. Arvo ya koma ƙashi da fata, bakinsa a bushe, takardar tana kan bargo a ƙirjinsa. Ya buɗe ido ya yi mata ƙuri. Jikin ya tafi, amma idon nan na mai duba aikin inji yana nan.

"To, malama?" Da kyar ta ji shi.

Ta ɗauki takardar ta karanta daga sama har ƙasa, a hankali, tana fatan baitin ya canja da kansa. Bai canja ba. Ta ji Kaisa tsaye a bayanta. Ta dubi takardar, ta dubi mutumin da ya share mata ƙanƙarar ƙofar gida duk sanyin duniya tun rasuwar Walter, bai taɓa bari ta yi godiya ba.

"Tukuna," ta ce. "Baitin ƙarshe wa'azi ne, Arvo. Duk waƙar kana nuna mana, a nan sai ka hau mumbari. Ba ta buƙatarsa."

Kaisa ta fice. Arvo ya rufe ido. Ya daɗe haka, har Doreen ta ɗauka barci ya ɗauke shi. Ba ta iya gane ko ciwo ne a fuskarsa ko wani abu dabam.

"Bar min biron," ya ce. "Ki dawo gobe."

Ta sa masa shi a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. Da za ta fita, Kaisa ba ta ɗago daga wurin wanke-wanke ba.

Washegari da misalin ƙarfe tara, Doreen na saka rigar sanyi, ta ga motar masu ɗaukar gawa tana ja da baya daga ƙofar gidan. Ba gudu, ba ƙara. Ta tsaya da hannu ɗaya a cikin riga har motar ta sha kwana, sannan ta tsallaka.

Kaisa tana falo ita kaɗai, idanunta sun kumbura, tana cire rigar matashin kai.

"Bakwai da kwata," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Ina riƙe da shi. Ga takardarki can."

Tana kan teburin gefen gado, tsakanin kwalaben magani, biron a kanta babu marfi. An ja jan layi a kan layukan baitin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya fita sosai. Na biyu ya karkace. Na uku da kyar ya kai ƙarshen kalmomin, tawadar ta yi ɗigo a inda hannun ya tsaya ya huta. Layi na huɗu ba a taɓa shi ba.

"Jiya da yamma ya yi," in ji Kaisa. "Kusan awa guda. Na ce in taimaka masa, ya ƙi."

"Ƙarfinsa ne ya ƙare, ko da gangan ya bar na ƙarshen?"

"Ina zan sani? Bai sake magana ba."

Doreen ta karanta waƙar yadda ya bar ta, ga yadda ta ƙare yanzu: Likita ya dubi takardarsa, bai ce komai ba. Na dai saka tayoyin. Ta sake karantawa, leɓunanta na motsi. Mako uku tana ce masa ya zubar da baitin duka, ashe da layi ɗaya ta yi kuskure, kuma wannan layin shi ne waƙar. Shi ya gani, ita ba ta gani ba. Ko kuwa hannunsa ne kawai ya gaza. Ba za ta taɓa sani ba, kuma babu wanda za ta yi wa gardama a kai.

"Ta kammala," ta ce. "Yanzu babu abin taɓawa."

Kaisa ta juyo ta dube ta a karon farko.

"Jiya yake son ji, Misis Sawchuk."

"Jiya ba ta kammala ba."

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Kaisa ta juya ta fizge zanen gadon daga ƙarƙashin katifa, ta ɗaga shi za ta ninke, amma ya fi ƙarfin hannuwanta, gefe ɗaya yana jan ƙasa. Ta gwada sau biyu yana zamewa.

Doreen ta ajiye takardar. Ta sunkuya ta ɗauki sauran kusurwoyi biyun. Suka ja zanen ya miƙe a tsakaninsu, suka ninka shi biyu, sannan suka tako zuwa ga juna, kowace idonta a kan hannuwanta.