Mukullin da Ya Tafi Sadaka

Hajiya Suweiba ba ta san ko bihim ba a boko, amma in an cuce ta tana ganewa. Ga sabuwar kwamfuta a shagonta na surfani a Nima, fes kamar amarya, ga injin ɗinkin ya yi gum. Ranar Lahadi ake biki a gidan Alhaji Kamaldeen, kuma yayin bikin, kayan da matan dangi za su sa iri ɗaya, yana jibge a kan benci ko allura ba a soka masa ba. Da bakinta ta yi musu alkawari a gaban mutane.

Ta hau trotro, motar haya, har Kokomlemle, ta taso ƙeyar Razak mai gyaran kwamfuta, wanda ya rantse ya kwashe mata komai daga tsohuwar kwamfutar zuwa sabuwar.

"Zauna. Kai ka ce komai. Nuna min komai ɗin."

Razak ya danna ɗan hoton fure da ke buɗe manhajar surfani. Wani rubutu ya fito. Ya karanta, ya sosa gemu.

"Mma, ta ce ba ta ga mukulli ba."

"Wa ta ce?"

"Manhajar."

Hajiya ta ja kujera. Fushin na nan, amma wannan magana ta tsaya mata a rai. Abin da ba shi da baki, har ya san ya nemi mukulli?

Ya yi mata bayani. Manhaja ba zani ba ce da za a ciro daga wannan akwati a jefa a wancan, dasa ta ake yi sabuwa, kuma ya dasa. Sai dai irin wannan ba ta tashi sai ta ji wani ɗan abu kamar yatsa a soke a bayan kwamfuta, shi ne mukullin.

"Ina tsohuwar?" in ji Razak.

"Ba kai ka ce babu abin da ya rage a cikinta sai ƙura ba? Ranar Juma'a na kai ta makarantar Malam Mutawakil a Maamobi, sadaka ga marigayi maigidana."

"To ai da sauƙi, mu je mu ciro."

Ta dube shi sama da ƙasa. "A gidanku in an tofar da yawu komawa ake yi a lashe? Sadaka ce, Razak. Ta riga ta isa inda aka aike ta."

Duk da haka suka je, don ta ce ko ba komai sai ta ga abin da idonta. Malam Mutawakil ya juyo musu bayan kwamfutar. Ga shi nan, ɗan shuɗi, yanar gizo ta lulluɓe shi. Shekara da shekaru tana share shagon nan, ba ta taɓa sanin shi ke ci da ita ba. Ta durƙusa, gwiwa na ƙara, ta busa masa iska.

"A cikin wannan furannina suke?"

"A'a, Mma, suna cikin sabuwar. Shi aikinsa kawai ya shaida cewa mai abu na nan."

"Ashe maigadi ne. Ka kwashe gida ka bar maigadi a kango."

Malam ya yi dariya. "Hajiya, ɗauki abinki, mu ba ya mana amfanin komai."

"Malam, kai ka karantar da mu ba a karɓar sadaka bayan an bayar, ko da saye. Yau kuma za ka sauya don ka ga na matsu?"

Malam ya ja tasbaha. Can ya miƙa hannu ya zare mukullin, ya danƙa wa Razak.

"Nawa ne, na ba ka kyauta. Ka yi yadda ka so da shi."

Razak ya juya ya miƙa mata. Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi.

"Da sunan me?"

"Da sunan ban haƙuri."

"Haƙurin me? Faɗa Malam ya ji."

Razak ya sunkuyar da kai. "Na ce babu komai a jikinta, alhali ban leƙa bayanta ba."

"Yawwa. Abin da na shiga trotro dominsa ke nan."

Ta karɓa, ta ƙulle shi a gefen mayafi kamar goro.

Kafin la'asar injin ya kama ruri, allura na sassaƙa fure a wuyan rigar farko. Hajiya ba rigar take kallo ba. Ta zagaya bayan kwamfutar ta zauna, tana kallon ɗan hasken da ke ƙyaftawa a jikin mukullin.

"Razak, in na zare shi yanzu, a tsakiyar furen zai tsaya, ko sai ya ƙarasa?"

"Mma, don Allah a bari sai bayan Lahadi."